Kwana huɗu a La Roque-Gageac da iyali: ina neman shawara

Abu Fadila:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Bordo, ƙasar Faransa, kuma a ƙarshen watan Yuli ina son in kai uwargida da yaranmu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4, ƙauyen La Roque-Gageac da ke bakin kogin Dordogne mu yi kwana huɗu. Jirgin ƙasa zai wadatar ko sai mun ɗauki hayar mota? Lasisin tuƙina na Nijar ne. Yara za su iya shiga kwalekwale? Yaya batun abincin halal? Allah ya saka da alheri.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Jirgin ƙasa daga Bordo iyakarsa Sarlat, tafiyar wajen awa biyu da rabi, kuma daga can saura kilomita goma sha wani abu zuwa ƙauyen. Bas ba ta da yawa, tasi kuma sai an kira tun da wuri. Da yara biyu a hannu, mota ce mafita. Ɗalibi yana iya tuƙi da lasisin ƙasarsa muddin yana karatu, naka kuwa da Faransanci aka rubuta shi, ba ka bukatar fassara.

Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, in ba ka saba ba ka nemi mai sarrafa kanta tun lokacin yin rajista. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 dole sai da kujerarsa ta musamman, wato yaranka duka biyu. Da ka wuce allon sunan gari mai jan baki, gudu ya koma 50 ko ba a rubuta ba. A mararrabar da ba ta da alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da ƙaramin lungu ya fito. Nan baƙi suka fi yin karo.

Ƙauyen layi ɗaya ne tsakanin dutse da kogi, wurin ajiye mota na kuɗi ne kuma yana cika da hantsi. Ku isa kafin ƙarfe tara da rabi. Masauki kuma, gidajen haya da suke kira gîte a Yuli da Agusta galibi daga Asabar zuwa Asabar ake bayarwa. Don kwana huɗu ka duba sansanonin kwana na bakin kogi masu ƙananan ɗakuna da kicin.

Injiniya Lawal:
Maganar kwalekwale ita ce ta fi bukatar natsuwa. Masu bayar da haya suna sharɗanta cewa kowa ya iya iyo, kuma akasarinsu ba sa karɓar yaro ƙasa da shekara biyar ko shida. Don haka ƙaramin ya fita daga lissafi. Kada a ƙara masa shekaru don a samu shiga. Kogin a ido kamar a kwance yake, amma a gindin gada da ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo yana da ja.

In kai da babban kun iya iyo, ga yadda abin yake. Ka ajiye mota a wurin masu hayar, su kai ku sama da ƙaramar bas ku gangaro, ko ku gangara su ɗauko ku a ƙasa a kan lokacin da aka tsayar. Daga Vitrac zuwa Beynac wajen kilomita 16 ne, awa uku zuwa huɗu da hutawa. Ga yaro mai shekara 9 da bai taɓa yi ba wannan ya yi tsawo, ka nemi zango na kilomita 8 zuwa 10. Za a ba ku rigar da ke hana nutsewa, filafili, da gangar roba mai murfi. Waya, makullin mota da takardu su shiga gangar, a murɗe murfin sosai, a ɗaure ta a jikin kwalekwalen. In murfin ya hau a karkace ruwa zai shiga, in ba a ɗaure ba kuma ta tafi da zarar an kife.

Babba a baya yake zama, domin na baya ne ke juya akala. In kun nufo gada ku bi tsakiyar ginshiƙai biyu, kada ku bari kwalekwalen ya gitta ya jingina da ginshiƙi, don ruwa ne zai danne gefensa ya kifar da shi. Silifa ba ta da amfani, kogi zai tafi da ita, ƙasan kuma tsakuwa ce mai santsi. A sa takalmi mai igiya. Hula, man kare rana, da ruwan sha lita ɗaya da rabi ga kowa. Ku fita da safe, kafin rana ta take kuma kafin kogin ya cika da jama'a.

Uwargida da ƙaramin kuwa akwai gabarre, babban jirgin ruwa mai shimfiɗaɗɗen ƙasa irin wanda a da ake dakon katako da shi zuwa wajen Bordo. Daga bakin ƙauyen yake tashi, ya kai kusa da Castelnaud ya dawo, kusan awa guda.

Hajiya Maman Ummi:
Ɗana, yankin nan na agwagwa ne da dinya da alade, mahaucin halal kuwa sai manyan garuruwa irin Bergerac, Périgueux ko Brive, inda masallatai ma suke. Ku sayi nama a Bordo ku zuba a akwatin ƙanƙara, shi ya sa masauki mai kicin ya fi muku.

In za ku ci a waje, kifi da ƙwai da cukun akuya da suke kira cabécou sun ishe ku, amma a yi tambaya. Dankalin da ake kira pommes sarladaises da kitsen agwagwa ko na dinya ake soya shi, miyar ganye ma sau da yawa da kitsen ake farawa. Kalmomin lardons da jambon naman alade ne, kuma a kan salak ake barbaɗa su ba tare da an faɗa ba. Kek ɗin gyaɗar noix wasu na zuba masa giya.

Lokaci ma a kiyaye: abincin rana daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga bakwai. Ƙarfe uku ba mai dafa maka komai. Shaguna suna rufewa ranar Lahadi da rana, wasu har Litinin. Kasuwar Sarlat Laraba da Asabar take ci, da safe ake samun kayan lambu masu kyau. Alƙibla gabas maso kudu ce, wajen digiri 113. Magariba a ƙarshen Yuli sai kusan tara da rabi. Hijabi ba matsala a titi, niƙabi ne dokar 2010 ta hana.

Malam Isuhu:
Wuraren gani duk suna kusa, mintuna kaɗan a mota. Castelnaud da Beynac tsofaffin fadodi ne biyu da ke kallon juna ta ƙetaren kogi. A yaƙin shekara ɗari, 1337 zuwa 1453, Castelnaud ta fi zama hannun Ingila, Beynac na ɓangaren Faransa. In ɗaya za ku shiga, yara sun fi jin daɗin Castelnaud saboda manyan majajjawa na katako da sulke da takubba. Hawan Beynac daga bakin kogi tsaye yake kuma daɓen duwatsu ne, keken turin yaro ba ya hawa, gara a bi da mota zuwa wurin ajiya na sama.

Lambun Marqueyssac na da bishiyoyin buis kusan 150,000 da ake yi wa aski da hannu, da hanyoyin ƙafa na kilomita 6 a inuwa, har zuwa wani dandali mai tsayin mita 130 a saman kogi inda ake hango ƙauyenku gaba ɗaya. Daren Alhamis a Yuli da Agusta ana kunna kyandir a ko'ina. Garin Domme kuma, da aka kafa a 1281, ku je da yamma don hangen kwarin.

Ranar da zafi ya fi tsanani ku tafi kogon Lascaux a Montignac, ƙasa da awa guda. Wasu samari huɗu suka gano kogon a 1940, aka rufe shi a 1963 saboda numfashin masu ziyara na lalata zanen dawaki da bijimai da ya haura shekara 17,000. Abin da ake shiga yanzu kwafinsa ne da aka buɗe a 2016. Tikiti ta intanet, da lokacin shigarsa, kwanaki kafin zuwa. Cikinsa akwai sanyi, a riƙe wa yara rigar sanyi.

Abu Fadila:
Na gode ƙwarai. Kwalekwale ni da babban kawai ke nan. Muna son yawon ƙafa a daji ko sau ɗaya, akwai abin tsoro?

Malam Habu:
Ku bi alamar fenti da ke jikin itace da duwatsu. Rawaya ta gajeren zagaye ce mai dawowa inda aka fara, fari da ja ta doguwar hanya ce mai wucewa gari zuwa gari, kada ku bi ta kuna zaton za ta dawo da ku. In fentin ya zama gicciye, ba nan ba ce. Ofishin baƙi na ƙauyen na bayar da taswira, ku zaɓi zagaye na kilomita 4 ko 5 saboda ƙaramin.

Kaska ce abin kiyayewa, domin tana ɗauke da cutar Lyme. Dogon wando a cusa cikin safa, da dare a duba yara a bayan gwiwa, hammata, bayan kunne da gindin gashi. Ku sayi ɗan ƙugiyar da ake kira tire-tique a kantin magani. A zura shi ƙarƙashin kaskar a murɗa a hankali har ta saki, ba a shafa mata mai ba a ƙona ta. In jan da'ira ta fito tana faɗi a wurin cikin kwanaki ko makonni, a ga likita. Famfon da aka rubuta wa eau non potable ba na sha ba ne. Lambar gaggawa 112, kuma ku sauke taswirar a waya tun a masauki, don sabis na ɗaukewa a cikin kwari.