Sabbin tayoyin kekena sun kayar da ni ranar farko, in sayar ko in haƙura?

Ɗan Dilimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, raina a ɓace yake. Bara likita ya ce min jinina yana hawa, dole in riƙa motsa jiki. Gudu ba ya yi min saboda gwiwa, sai na sayi keken hawan dutse na gwanjo a nan Jos, mai wili inci 29. Tun lokacin duk Asabar bayan asuba nake bin hanyar Lamingo har gindin duwatsun Shere, kuma alhamdu lillahi jinin ya sauka. Tayoyin da ya zo da su masu manyan haƙora ne, faɗinsu inci 2.35, ga nauyi, a kwalta har kuka suke yi. Na yi wata huɗu ina tara kuɗi, har gyaran rufin kicin na ɗage, maman yara ba ta ji daɗi ba kuma tana da gaskiya. Abokin yayana da ya dawo daga Ingila ya taho min da sabbi guda biyu, irin na masu tseren daji, 29 x 2.2, haƙoransu ƙanana, marasa nauyi. Ranar Asabar na gwada. A kwalta da burji wallahi kamar an sake min keke, hawan da nake yi ina haki na haye shi ban sauka ba. Amma a gangare, a wata kwana mai tsakuwa, tayar gaba ta zame ba zato, na faɗi na kurje hannu da cinya. Washegari na tarar ta baya ta sace. Saura mako biyu mu yi doguwar fita da abokai. In sayar da su tun suna da daraja, ko ni ne ban iya ba?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Ka ba mu labarin rufin kicin amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Iska nawa ka sa? Nauyinka nawa? Da tiyub ko babu? Tun kafin ka amsa na san matsalar: iska ce ta yi yawa. Tayar tsere ba ta dogara da haƙora, tana dogara da yadda take lanƙwasa ta kama ƙasa. In ka cika ta tam, kan tsakuwa take tsalle. Mutum mai kilo 70, ba tiyub, psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 22 a gaba, 24 a baya ya ishe shi. Ka kuma duba kibiyar da ke gefen tayar mai nuna inda za ta riƙa juyawa, masu faci da yawa juya ta suke yi.

Ɗan Dilimi: Injiniya na gode. Wajen mai faci na unguwarmu aka sa iskar da inji, ya danna da yatsa ya ce ta yi. Shekara ashirin yana wannan sana'a, ba na jin zai kuskure.

Injiniya: Shekara ashirin yana cika tayar babur da keken ɗaukar kaya. Na rantse ka wuce 40. Sayi famfo mai ma'auni, shi ne abu na farko.

Baba Mai Rali: Yarana, ni ban gane wannan zamani ba. Raleigh ɗina na hau daga Bukuru zuwa Jos shekara da shekaru, ina ɗauke da buhun dankali, taya ɗaya sai ta yi shekara uku. Yanzu ku sayi taya mai tsada sannan a ce ku rage mata iska. Abin da ke ci min rai ma shi ne babu masu gyara na kirki. Watan jiya na kai keken jikana, yaron shagon ya sa sukundireba ya huda sabon tiyub, ya ce dama haka yake, kuma sai da ya karɓi kuɗinsa. Ɗana, ka cika iskarka da kyau ka rage gudu a kwana, shi ke nan.

Ɗan Dilimi: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Ba gudu nake yi ba sosai, wurin nan na bi shi ya fi sau talatin.

Abban Ilham: Ni a Kano nake, matsalarmu tsidau ce. Ka bi gefen gona sau ɗaya ka dawo da ƙaya goma a taya. Irin waɗannan marasa nauyi fatarsu siririya ce, don tsere aka yi su, inda akwai mai jiranka da wani wili a gefen hanya. Ko Tom Pidcock, ɗan tseren keke na Birtaniya, tayarsa ta sace a gasar Olamfik ta Faris a 2024, aka canja masa nan take ya koma ya ci zinare. Kai wa zai canja maka a bayan Shere? Ni dai na ce ka sayar. Ni ma na taɓa yin odar taya ta intanet, na rubuta 29 ƙarara, aka kawo min 27.5, har yau mutumin ba ya ɗaga wayata.

Injiniya: Kada ka sayar. Abban Ilham, ƙasar Jos dutse ce da jar ƙasa, ba yashin Kano ba. Maganin ƙaya kuwa sananne ne: a cire tiyub, a zuba ruwan like kamar mililita 90 a kowace taya, ƙaramin huji da kansa yake toshewa. Sabuwar taya takan rage iska kwana biyu na farko kafin ruwan ya bi ko'ina, wannan ba laifi ba ne. Sai dai da zafinmu ruwan yana bushewa, duk wata biyu zuwa uku ka duba. Nino Schurter, ɗan Suwizalan da ya ci zinare a Riyo a 2016, da tayoyi masu ƙananan haƙora irin naka ya yi ta lashe gasa a kan duwatsun da suka fi namu muni.

Hajiya Mai Keke: Sannu da jiki ƙanena. Ni abin da na yi ba tsada: mai manyan haƙora a gaba, marar nauyi a baya. Ta baya in ta zame za ka iya tare keken, ta gaba in ta tafi sai ƙasa. Ka mayar da tsohuwarka gaba, ka ajiye sabuwa ɗaya ta zama safaya. Kuma ka je a duba ciwon nan, kurjewar tsakuwa tana ruruwa.

Injiniya: Hajiya da girmamawa, wannan dabara ce ta wanda bai gyara iska ba. Ya fara gyara iskar tukuna.

Ɗan Dilimi: Yaya Hajiya na gode, an wanke ciwon. Amma tsohuwar tayar na riga na ba ɗan maƙwabcinmu, ba zan iya zuwa in ce ya dawo da ita ba. Injiniya, na manta ban faɗa ba, da tiyub na sa su, tsohon tiyub ɗin ma, don rim ɗina ba irin na zamani ba ne. Kilo 88 nake. Kuma gaskiya ina tsoron rage iska, na taɓa buga dutse rim ya cije tiyub wuri biyu, na turo keke tun daga dam har gida.

Injiniya: To ai da ka faɗi haka tun farko! Tsohon tiyub ne ya sace, babu ruwan taya. Da nauyinka da tiyub, 28 a gaba, 31 a baya, kada ka yi ƙasa da haka. Turo min hoton rim ɗin daga ciki in ga ko zai karɓi tef ɗin da ake liƙawa a ciki don a yi amfani da taya ba tiyub.

Baba Mai Rali: Ɗazu 22, yanzu 28. Ka ga abin da nake faɗa.

Abban Ilham: In ka yanke shawarar sayarwa ka fara yi min magana, akwai wani a Zariya yana nema.

Ɗan Dilimi: Zan ɗauki hoton in na dawo daga aiki in sha Allah. Famfo mai ma'aunin nan, a Jos ana samu ko sai Abuja? Don kuɗin hannuna sun ƙare, kuma fitar tana nan ranar Asabar ta sama.