Wai Hilux ma akori-kura ce?

Alhaji Mai Albasa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Akori-kurata Hilux mai injin 3L ba ta taɓa kwana a hanya ba, sai da wani makanike ya ɗaura mata bel ɗin taimin na jabu, ya rantse mini na asali ne daga Mubi. Na taso daga Marwa da lodin albasa, kafin Figil ya tsinke, bawul suka lanƙwashe, yanzu sai an sauke kan inji. Ni dai na ce ba tsufa ke kashe mota a ƙasar nan ba, makanikai ne da kayan jabu. Mai musu ya fito.

Kawu Direba: Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Amma Alhaji, tun yaushe Hilux ta zama akori-kura? Akori-kura Peugeot ce, 404 ko 504, mai tanfol da benci biyu a baya. Taka Toyota ce kawai.

Ɗan Kusiri: Haba Kawu. Duk ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya akori-kura ce, a Njamena ma haka Hausawa ke faɗa.

Kawu Direba: Yaro, ina jan 404 ba a yaye ka ba. Kai za ka koya mini sunanta?

Ɗan Kusiri: Girmanka ne Kawu, amma a bar mata sunan, mu mun riƙe aikin. A 1987 da me sojojin Cadi suka fatattaki na Gaddafi daga Fada da Wadi Dum? Har yau Yaƙin Toyota ake ce masa. Faransawan ma da ke ƙera Peugeot, Toyota suka kawo wa Hissène Habré, shugaban Cadi na lokacin.

Malam na Rumde: Ai har da Land Cruiser a ciki, kar ka ci da gumin wata.

Ɗan Kusiri: Uwa ɗaya uba ɗaya ne ai.

Kawu Direba: Albasa muke ɗauka, ba bindiga ba. 504 mai fetur sarƙa gare ta, ba bel ba. Sarƙa sai ta yi ta ƙara tana gaya maka ta gaji, bel kuwa ba sallama. Ga kafireta, ko yaron gareji ya kwance ta a gindin bishiya, ya hura jet da baki, ya mayar, ka tashi. A Kaduna aka riƙa haɗa ta, kayanta har gobe ba sa wuya. Je ka buɗe famfon gas na Hilux a daji mu gani.

Ɗan Kusiri: Ka ɗora wa 504 ɗin taka buhu ka bi hanyar Mora zuwa Dabanga da damina, sai mu yi magana. Kuma da me za ka shayar da ita? Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa, fetur ɗin sumoga da ake sayarwa a bakin titi, ya daina araha.

Malam na Rumde: Ga shi rabinsa ruwa da kalanzir.

Autan Hajja: Malam ka ji tsoron Allah. Yayana wannan sana'ar yake yi, bai taɓa gauraya mai ba. Ku 'yan Garwa kun iya ɓata wa mutane suna.

Malam na Rumde: Wa ya ambaci yayanka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kuma me ya kawo Garwa a nan?

Oga Makanike: Ku bari in sa baki tunda mu aka zaga. Alhaji, da girmanka, bel ɗin nan a kilomita 100,000 ake canza shi tare da bori ɗinsa, wato abin da ke ɗame bel ɗin. Sai a ajiye muku na asali da na banza, ku ɗauki mai araha, ku ce a bar tsohon bori. Agogon kilomita ya mutu tun tuni, ba wanda ya san lissafi. Ku yi mata lodi har sifirin ya miƙe, kuna zuba wa lagireto ruwan rijiya, in ta tsaya makanike ne ɓarawo.

Kawu Direba: Oga, bar wannan. Kai dai faɗi gaskiya, Hilux akori-kura ce?

Oga Makanike: Ni duk bashe nake ce musu.

Malam na Rumde: To ga na uku ya shigo.

Hajiya Mai Shago: Alhaji, albasar fa? In ba ta lalace ba ina son buhu biyu.

Alhaji Mai Albasa: Jama'a ni fa maganar makanike na kawo! Oga, kuɗin na asali na biya. Hajiya zan kira ki.

Autan Hajja: Har yanzu Malam bai janye maganarsa ba.

Shugaban zaure: Dare ya yi, na rufe. Abin da aka tsayar: akori-kura Peugeot ce, kamar yadda Kawu ya yi bayani da hujja, kuma ba wanda ya iya rushe zancen sarƙa. Labarin yaƙi bai shafi lodin albasa ba. Malam da Auta ku ƙarasa naku a waya. Alhaji, Allah ya sawwaƙe, in an gyara ta ka neme ni, akwai 504 mai lafiya a hannun ƙanena, za a yi maka ragi.