Usur a daƙiƙa biyun ƙarshe: mu sake wasan ko mu bar sakamako?

Sakataren Gasa:
Assalamu alaikum. Gobe da la'asar kwamitinmu zai zauna, ina neman shawarar waɗanda suka san dokar ƙwallon kwando. Gasa ce ta kwalejoji shida, dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi, alƙalai biyu ne a fili. Jiya a wasan kusa da na ƙarshe, baƙi na da 58, masu masauki na da 56, saura daƙiƙa 2. Ɗan wasan masu masauki ya tashi jifan maki uku, ƙwallo ba ta shiga ba, sai alƙalin baya ya hura usur ya ce an taɓa shi. Aka ba shi jifa uku daga layi, duk suka shiga, aka tashi 59 da 58. Yanzu baƙin sun kawo bidiyon waya, sun ce babu wanda ya taɓa shi, a sake wasa. Wasan ƙarshe ranar Asabar ne. Tambayata biyu: muna da hurumin soke sakamako saboda wannan bidiyon? Sannan kuɗin da ya rage abu ɗaya zai iya yi mana, ko alƙali na uku ko mai ɗaukar bidiyo. Wanne ya fi?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Ai abu ne mai sauƙi, alƙalan su je su duba talabijin ɗin gefen fili kamar yadda ake yi a gasar NCAA ta jami'o'in Amurka.

Malam Usur:
Ɗan Samaru, an tashi wasa tun jiya, wace talabijin kuma? Malam Sakatare, ɗauko littafin dokar FIBA ka buɗe shafin ƙorafi da ke can baya. Abu uku kaɗai ake karɓar ƙorafi a kansu: kuskure wajen rubuta maki ko riƙe agogon wasa ko agogon daƙiƙa 24 (lokacin da ƙungiya ke da shi ta jefa ƙwallo) wanda alƙalai ba su gyara ba, hukuncin soke wasa ko ɗage shi ko bai wa wani ɓangare nasara ba a buga ba, da kuma sa ɗan wasan da bai cancanta ba. "An taɓa shi ko ba a taɓa shi ba" babu shi a ciki. Wannan gani ne na alƙali, ya hura ya wuce. Ko ƙorafin da ya halatta ma yana da sharaɗi: kyaftin ya sa hannu a gurbin ƙorafi na takardar maki cikin minti 15 da tashi, a miƙa dalili a rubuce cikin awa ɗaya. Kafin ka ce komai a zaman gobe, duba takardar makin nan ka ga ko akwai sa hannun kyaftin.

Auburn Har Abada:
Abin da ya faru da baƙin nan shi ne aka yi wa ƙungiyar jami'ar Auburn ta jihar Alabama a wasanta da Virginia ranar 6 ga Afrilu, 2019 a Miniyapolis, kuma har gobe ba wanda ya biya su. Karo na farko ke nan a tarihinsu da suka kai matakin huɗun ƙarshe na gasar NCAA. Virginia na gaba da maki 10, saura kamar minti biyar, yaran nan suka zuba 14 a jere babu amsa, suka koma gaba 61 da 57. Kyle Guy na Virginia ya ci jifan maki uku, Jared Harper na Auburn ya ci ɗaya cikin jifa biyu daga layi, ya zama 62 da 60. Daga nan ne aka yanka su. Ty Jerome na Virginia yana tahowa da ƙwallo, ta bugi ƙafarsa ta kuɓuce, ya bi ta ya kama da hannu biyu, ya sake buga ta a ƙasa ya ci gaba. Yaron firamare ma ya san wannan laifin dabul-diribul ne. Alƙalai uku, ido shida, babu wanda ya hura. Da an hura, ƙwallo ta Auburn ce, wasa ya ƙare. Sai aka bari aka miƙa wa Guy a kusurwar hagu, ya tashi, Samir Doughty na Auburn ya goge shi, saura 0.6 aka hura usur. Ya jefa biyu, Auburn ta nemi hutu don a sanyaya masa hannu, ya dawo ya jefa na uku. 63 da 62. Bayan kwana biyu Virginia ta ɗauki kofi a kan Texas Tech. Kofin wa ta ɗauka? Idon da ya ga gogar jiki a kusurwa me ya hana shi ganin hannu biyu a kan ƙwallo a tsakiyar fili?

Na Sabon Gari:
Bawan Allah, takabar nan ta yi tsawo. Matar mamaci ma wata huɗu da kwana goma take yi ta fita. Ko hanyar Alabama ba ka sani ba.

Baba Koci:
Ɗana, rabin labarin ka bayar. Kafin Jerome ya kama ƙwallon, Bryce Brown na Auburn ya riƙe masa riga ta baya, hotuna sun nuna. In za a hura ɗaya sai a hura ɗayan. Fawul ɗin Doughty kuwa fawul ne ko a minti na farko. Wanda ya tashi sama yana da haƙƙin wurin saukarsa, mai tsaro ba ya shiga ƙarƙashinsa. Shi ya sa nake shakkar bidiyon da aka kawo wa Sakatare. Masu kallo hannu suke duba, su ga ba a taɓa gwiwar hannu ba sai su ce zalunci. Alƙalin baya kuwa ƙugu da ƙafa yake kallo har ɗan wasa ya dira. In bidiyon daga ƙirji zuwa sama ya ɗauka, bai nuna komai ba.

Auburn Har Abada:
Baba, ban ce ba a taɓa Guy ba. Cewa na yi bai kamata ƙwallon ta iso hannunsa ba tun farko.

Maman Hanif:
Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne alƙali ya yanke wasa da bakinsa. A 2023, San Diego State da Creighton suna 56 da 56, saura daƙiƙa 1.2, aka hura wa Ryan Nembhard na Creighton don ya ɗora hannu a ƙugun Darrion Trammell. Trammell ya ɓarar da na farko, ya ci na biyu, shi ke nan Creighton ta tafi gida. Irin wannan taɓin an bar shi ya wuce sau nawa a wasan? A na mata ma haka, 2024, Iowa da UConn, saura 3.9 aka ce Aaliyah Edwards ta UConn ta yi shinge, wato ta tare wa abokiyar wasanta mai tsaronta, tana motsi. UConn ko damar jefa ƙwallon ƙarshe ba ta samu ba, aka tashi 71 da 69. A bar yara su ƙarasa abinsu mana.

Malam Usur:
Hajiya, a nuna min shafin da ya ce doka tana hutu in saura daƙiƙa biyar. Rashin hurawa ma hukunci ne, sai dai wancan ɓangaren ne zai yi kuka. Shinge yana da ƙa'ida: ƙafa biyu a ƙasa, jiki a tsaye cak, ba a buɗe gwiwar hannu ko a miƙa ƙugu. In wanda za ka tare yana gudu, sai ka ba shi tazarar taku ɗaya zuwa biyu. Edwards tana matsawa gefe lokacin da ta haɗu da Gabbie Marshall. Inda na yarda da ke shi ne daidaito: abin da ka hura a kwata ta farko shi za ka hura a ta huɗu. In kuna son kuskure tsantsa, ga Kansas da Samford a zagayen farko na 2024. Samford na baya da maki ɗaya, ɗan wasanta A.J. Staton-McCray ya biyo Nicolas Timberlake na Kansas ta baya ya doke ƙwallo zalla, aka ce fawul. Maimaici ya nuna tsaf bai taɓa shi ba. Ga kyamarori ko'ina, amma doka ba ta ba da damar a duba irin wannan ba. Kansas ta ci 93 da 89, kuma ba a sake wasan ba. To in can ba a sake ba, da bidiyon waya ɗaya za ku sake?

Ɗan Samaru:
Amma ai yanzu koci na iya ƙalubalantar hukunci.

Gwanin Tebur:
Yana iyawa, amma ba a kan komai ba. FIBA ta kawo shi a 2022, sau ɗaya a wasa, kuma sai a abubuwan da dama ake dubawa: jifan biyu ne ko uku, ƙwallo ta bar hannu kafin lokaci ya cika, wa ya taɓa ta ƙarshe kafin ta fita, wa ya kamata ya yi jifan layi. NCAA ta maza ta fara nata a kakar 2025, kuma sai koci yana da sauran hutu a hannu. A dokar FIBA babban alƙali ne ke amincewa da na'urar duba bidiyon kafin a fara wasa, kuma da zarar ya sa hannu a takardar maki an rufe. Wayar ɗan kallo ba ta cikin lissafi.

Sakatare, in kuka zaɓi bidiyo, ku san abin da kuke saya. Wayar da aka saba da ita hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa, a sa ta a 60 in tana yi. A kafa ta a kan ƙafa uku, a sama, daidai layin tsakiya, kuma dole agogon wasa ya fito a cikin hoton. In babu agogo a ciki, ba za ta raba muku gardamar lokaci ba. Mai ɗauka da kayansa ba zai wuce dubu 15 ba.

Na Sabon Gari:
Dubu 15? A wace shekarar? Masu ɗaukar biki ma ba sa fitowa a ƙasa da dubu 40. Alƙali na uku ya fi araha, dubu 10 ya ishe shi.

Baba Koci:
Dubu 10 kuɗin motarsa ne in daga wani gari za ku ɗauko shi, kuma daga wani garin ya kamata ku ɗauko. Ku ware 25 zuwa 30 da abinci. Amma ku ji wannan: alƙalai uku ba alƙalai biyu da ƙarin mutum ɗaya ba ne. Akwai na ƙarƙashin kwando, na tsakiya, da na baya, kowa da yankinsa. In ƙwallo ta koma ɗaya gefen, na ƙarƙashin kwando ya tsallaka, na tsakiya ya zama na baya, na baya ya sauko tsakiya. Waɗanda ba su saba ba, sai ka ga duk ukun suna bin ƙwallo da ido, ana dambe a ƙarƙashin kwando ba mai gani, ko biyu su hura lokaci guda, wannan ya nuna gabas wancan ya nuna yamma. Biyu da suka san juna sun fi uku da suka haɗu ranar Asabar da safe.

Malam Usur:
Baba, da girmanka, wannan fannin alƙalai ne. Jifan kusurwa irin na jiya shi ne ainihin ramin da alƙalai biyu ke bari. Na baya yana nesa, na ƙarƙashin kwando yana kallon masu jiran ƙwallo ta faɗo. Na uku ne ke toshe shi. Zaman minti 30 kafin wasa ya isa a raba yanki.

Baba Koci:
Malam, takardar shaida ba ta gudu a fili. Mu da ke zaune a benci mu ke ganin inda kuke tsayawa.

Auburn Har Abada:
Uku ne a Miniyapolis. Na faɗa ne kawai.

Na Sabon Gari:
A ba wa wannan ruwa ya sha. Ni shawarata a sayi usur mai kyau tukuna, wani usur ɗin sai ka rantse ɗan tsako ne. Fox 40 dubu 3 ne a kasuwa.

Gwanin Tebur:
Na dubu 3 jabu ne, na ainihi ya ninka haka sau uku ko huɗu. Shi ba shi da ɗan ƙwallon nan a ciki, don haka ba ya maƙalewa in yawu ya jiƙa shi. Wanda ya ƙirƙiro shi, Ron Foxcroft, alƙalin ƙwallon kwando ne ɗan Kanada da tsohon usur ya sha ba shi kunya a fili.

Sakataren Gasa:
Na gode ƙwarai. Na duba takardar: kyaftin bai sa hannu ba, kocinsu ne ya rubuto bayan minti 40. Amma a cikin takardarsa akwai abin da ban ambata ba. Ya ce da aka jefo ƙwallon ƙarshe daga gefe, agogo bai tashi ba sai da yaron ya buga ta a ƙasa sau ɗaya. Mai riƙe agogon ɗalibin masu masauki ne, da agogon hannu yake aiki don allon ba wuta.

Malam Usur:
To ai da wannan za ka fara! Wannan kuskuren agogo ne, yana cikin ukun. Sai dai rashin sa hannun kyaftin ya raunana shi, sai in dokar gasarku ta tanadi wata hanya. Kun rubuta dokar gasa kuwa? Nawa kuka sa kuɗin ƙorafi? A FIBA faran 1,500 ne na Suwizalan in aka yi watsi da shi.

Gwanin Tebur:
Ga inda ciwon yake, kullum ana zagin mai usur alhali a tebur ake sace wasa. Agogo yana tashi ne da zarar ƙwallo ta taɓa ɗan wasa a cikin fili, alƙali ya sauke hannunsa. Jinkirin rabin daƙiƙa ya isa, tunda da 0.3 ma doka ta yarda a kama a jefa. Tebur mutum huɗu yake so: mai rubuta maki, mataimakinsa, mai agogon wasa, mai agogon 24. Abin da ake yi sai a kamo ɗalibai biyu daga cikin 'yan kallo, ɗaya na riƙe da agogo yana tafa wa makarantarsu. Ku bar alƙali na uku, ku bar bidiyo, ku biya mutanen tebur daga makarantar da aka riga aka fitar.

Maman Hanif:
Ku kuma tanadi yadda alƙalan za su fita lafiya ranar Asabar. A Amurka ma, bayan wasan Kentucky da North Carolina a 2017, sai da magoya bayan Kentucky suka bi alƙalin wasan, John Higgins, da barazana a waya, suka cika shafin kamfaninsa na rufin gida da zagi a Facebook. Balle filin da ba shi da katanga.

Malam Usur:
Kafin katanga, a gyara biyan kuɗi. Muddin mai masauki ne zai ba alƙali masauki, ya ciyar da shi, ya kuma riƙe kuɗinsa sai bayan an tashi wasa, duk usur ɗin da ya hura wa 'yan gida za a ce saye ne, ko da daidai ya hura. Kwamiti ya biya kafin a jefa ƙwallo sama. Sakatare, na jiyan an biya su kuwa?

Sakataren Gasa:
Ba a biya ba tukuna, ma'aji ya ce sai bayan wasan ƙarshe.

Baba Koci:
To ka fara tabbatar da cewa za su zo ranar Asabar ɗin.