Tankin tare ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa, ya ake lissafin girmansa?

Magini_77:
Salam jama'a, dan Allah injiniyoyin gidan nan ku agaza. Gidaje 8 muke ginawa a fili ɗaya, rufi da intalok sun cinye kusan murabba'in mita 2000, shi ne aka ce sai mun binne tankin da zai riƙe ruwan sama kafin ya faɗa kwata. Ni dai na ɗauka rami ne kawai a haƙa a zuba kankare, ko da wani lissafi ne?

Injiniya_B:
Lissafi kam akwai shi malam. Ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif, to in aka tafka na milimita 50 a filinka ka ga lita 100,000 ke nan, kuma rufi da siminti ba sa shan ruwa, kusan kashi 90 gangarowa zai yi. Sai ka cire wanda zai riƙa fita tun ana cikin ruwan. Amma fa ba girman ne kaɗai ba, ƙaramar kafar da ke ƙasan tankin ita ce aikin, ita ke sakin ruwan kaɗan-kaɗan yadda kwata ba za ta yi ambaliya ba, in ta yi faɗi tankin ya zama hoto, in ta matse da yawa wani ruwan zai sauko ya tarar da shi cike. Kuma a sa babban bututu daga sama saboda ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa.

Dan_Kwangila:
Ka fara duba zurfin ruwan ƙasa tukun. Tankin da ba komai ciki kwalekwale ne wlh, kowace lita 1000 da ya nutse tan ɗaya ke turo shi sama. Na taɓa binne na roba ban danne shi da kankare ba, damina ɗaya ya ɗago intalok kamar kabari.

Magini_77:
Tirƙashi. To ba za mu iya barin ruwan ciki don ban ruwan fulawa ba?

Injiniya_B:
A'a, wancan tanki daban za ka yi masa, wannan a bushe ake son hadari ya same shi. Kar ka manta da ɗan ramin tare yashi da raga kafin mashiga, leda ɗaya ta isa ta toshe kafar nan. Murfin shiga yashe tankin kuma a sa shi daidai saman kafar, kuma kar a tura yaro ciki sai iska ta shiga sosai.