Wace kalmar Hausa ce ta dace da "transparency"?

1/ Jama'a ku taya ni. Kusan kullum sai in ji an fassara kalmar nan ta Turanci, wato hukuma ta bar jama'a su ga abin da take yi, da "gaskiya", ni kuwa ban gamsu ba. Gwamnati na iya ƙin yi maka ƙarya ko ɗaya, kuma ta ɓoye maka komai.

2/ Ku tuna 2013. Sai da Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya kwarmata takardu sannan Amurkawa suka san hukumar na tattara bayanan kiran wayar miliyoyinsu, da izinin wata kotu mai zama a asirce.

3/ Haka aka yi da TPP, yarjejeniyar cinikin ƙasashe 12. An shekara da shekaru ana tattaunawa ƙofa a kulle. Ɗan majalisar Amurka ma sai ya shiga wani ɗaki na musamman ya karanta daftarin, ba damar fita da abin da ya rubuta. Babin da ya shafi haƙƙin mallakar magunguna, wanda zai taɓa aljihun marar lafiya, jama'a ba su ga cikakkensa ba sai da WikiLeaks, mai wallafa takardun sirri a intanet, ta fitar a Nuwamban 2013. Ta Turai da Amurka, TTIP, ita ma ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ce ta fallasa takardunta a 2016. To yaya mutum zai amince da abin da aka hana shi gani?

4/ Wani ya ce "fayyacewa". Amma mai fayyacewa shi ke zaɓen abin da zai faɗa. "Keke-da-keke" ta tsaya ga magana, mu kuwa takardar muke so a hannu.

5/ Kishiyar ma a kula da ita. Kada a kira ɓoye-ɓoyen hukuma "rufin asiri". Wannan addu'a ce muke yi wa juna, alheri ne, kuma haƙƙin talaka ne da ake sauraron wayarsa. Abin da hukuma ke yi sunansa ƙumbiya-ƙumbiya.

6/ Ni na tsaya kan "baje-a-faifai". Mun riga muna cewa a baje magana a faifai, kowa ya duba da idonsa. Ku gwada: "Muna neman baje-a-faifai kan yarjejeniyar nan kafin a sa hannu." Ta ɗan yi tsawo, na sani. Mai wadda ta fi ta gajarta ya kawo.