Ƙiyasin nauyi yana ta hawa a hannun mutum-mutumi: ina kuskuren yake?

Ɗalibin_Injiniya:
Assalamu alaikum. Aikin digirina na biyu kan hannun mutum-mutumi ne mai gaɓoɓi biyu, wanda zai riƙa ɗaukar kayan da ba a san nauyinsu ba tun farko. Na ɗauki hanyar sarrafawa mai daidaita kanta ta masana Slotine da Li ta 1987, wadda ke ƙiyasta nauyin yayin da hannun ke motsi. A Simulink, manhajar da ake kwaikwayon aikin na'ura a kwamfuta, komai lafiya lau. Amma a kan na'urar gaske, hannun yakan bi hanyarsa daidai na 'yan mintuna, ƙiyasin kuwa yana ta hawa sannu a hankali har ya kai kilo 40, alhali kayan bai wuce kilo 2 ba, daga nan sai injin ya kama karkarwa dole in yanke wuta. Lissafin Lyapunov da na yi, wato hanyar tabbatar da daidaiton tsari, ya nuna tsarin ba zai kauce ba, to me ke faruwa?

Malam_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Lissafinka ba ƙarya ya yi ba, sai dai an gina shi kan sharaɗin cewa nauyi kaɗai ne abin da ba a sani ba, alhali a na'urarka akwai gogayya a gaɓoɓi, da sassauci a giyar injin, da jinkirin injin, waɗanda duk ba su shiga lissafin ba. Kuma ko da sharaɗin ya cika, abin da hujjar ke tabbatarwa shi ne kuskuren bin hanya zai ragu zuwa sifili. Ba ta yi alkawarin ƙiyasin zai dace da nauyin gaskiya ba. Masani Rohrs da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa ɗan abin da aka bari a waje, haɗe da gurɓacewar awo, ya isa ya sa ƙiyasi ya yi ta tafiya har tsarin ya rikice. Gyaran sigma na Ioannou da Kokotovic saboda wannan matsala aka kawo shi: ana ƙara wa dokar daidaitawa, wato lissafin da ke sabunta ƙiyasin, wani sashe da ke janyo ƙiyasin baya.

Mai_Waya:
Ɗan'uwa, kafin ka taɓa lissafi, duba yadda kake samun gudun gaɓoɓin. Idan daga bambancin karatun enkoda (na'urar da ke auna juyawar gaɓa) kake cirowa ba tare da tacewa ba, to hayaniya, wato gurɓacewar awo, kake ciyar da dokar daidaitawa. Ka tace siginar, ka rage gamma (adadin da ke saita saurin canjin ƙiyasin), sannan ka sa iyaka ta yadda ƙiyasin zai tsaya cik muddin kuskuren ya yi ƙasa da girman hayaniyar. Idan kuma hannun yana daɗewa a tsaye wuri ɗaya, babu isasshen motsin da zai bayyana nauyin gaskiya.

Hajiya_Injiniya:
Malam, ina tare da kai kan dalilin, amma ni na fi natsuwa da killace ƙiyasin tsakanin iyakoki biyu, tunda ɗalibin ya san hannunsa ba zai ɗauki abin da ya wuce ƙarfin injinsa ba. Sigma tana barin ɗan kuskure na dindindin ko da babu hayaniya. Wannan karkarwar kuma kada a raina ta: a ranar 15 ga Nuwamba 1967, na'urar sarrafa jirgi ta MH-96 mai daidaita kanta ta shiga irin wannan kai-da-komo a jirgin X-15 na Amurka, jirgin ya tarwatse, matuƙinsa Michael Adams ya rasu. Ɗana, ka haɗa maɓallin kashe wuta na gaggawa kafin gwaji na gaba.