Farar fitilar mota: da gaske ta fi haske ko ido kawai take ruɗa?

Mai Tsohuwar Mota:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar fitilar mota. Motata ta kwana biyu, ƙwan halojin ne a ciki H4, mai hasken nan ja-ja-ja, kuma yanzu in na fita da daddare sai in ga kowa ya koma fari fat sai ni. In mai farar fitila ya biyo ni a baya har inuwar motata nake gani a gabana, nawa hasken ya ɓace gaba ɗaya. Shi ne nake tunanin in cire in sa LED, an nuna min wani an rubuta 6000K a kwalin, akwai ma 8000K, mai sayarwar ya ce wai 8000 ɗin ya fi haske tunda lambarsa ta fi yawa. Amma abin da ya tsaya min a rai, ni kaina na san yadda nake ji in irin motocin nan suka dalle ni, wani lokacin sai na taka birki don ba na ganin komai, kuma ba na so a ce ni ne nake yi wa wani haka. To farin nan yana ƙara gani da gaske ko kwalliya ce kawai? Kuma akwai yadda mutum zai samu farin ba tare da ya cuci na gabansa ba?

Matashin Direba:

Wa alaikumus salam. Yaya ka sa kawai wallahi ba za ka yi nadama ba. Ni tunda na koma fari ban ƙara marmarin jan nan ba, allunan gefen titi tun daga nesa suke ƙyalli, farin layin kwalta ya fito raɗau, kuma abu in ka hango shi da kalarsa ta gaskiya za ka gan shi ba komai ya koma ruwan ƙasa ba. Ni dai jan haske har barci yake sa ni, farin kuwa ido a buɗe tar. Ga shi ba ya shan batir, halojin wat 55 kowane ɗaya yake ja a dim, LED da yawansu ko rabin haka ba sa ja. Kuma maganar gaskiya motar tana ƙara kyau, tsohuwa sai ta koma kamar sabuwar yayi. Wasu dai suna ƙifta min fitila a hanya sun ɗauka ful na kunna, sai in ɗan nuna musu ful ɗin su gane a dim nake.

Baban Rewaya:

Matashi, wannan ƙifta fitilar da ake yi maka kar ka ɗauke ta wasa, mutanen nan gaya maka suke ba sa ganin gabansu. In a dim kake ana yi maka haka to haskenka yana tashi sama inda bai kamata ba.

Malam mai tambaya, bari in fara da mai sayarwar nan, ko bai sani ba ko kuma so yake ya sayar. Lambar K ɗin nan launi take nunawa, ba ruwanta da yawan haske. Halojin yana wajen 3200K shi ya sa yake ja-ja, zenon, wato ƙwan da iskar gas take bada haskensa ba waya ba, wanda kamfani yake sakowa wajen 4300K ne, LED na sababbin motoci 5500 zuwa 6000 da wani abu, kusan launin hasken rana da tsaka. Daga nan in ka ci gaba da hawa shuɗi kawai kake ƙarawa. A ƙwan zenon ma 4300 ɗin shi ya fi bada haske, 8000 kuwa bulu ne ya fi shi duhu a kwalta. Yawan haske da lumen ake auna shi. H4 naka wajen lumen 1000 yake bayarwa a dim, 1650 a ful, ƙwan zenon mai wat 35 kuma wajen 3200. Ka ga da zenon ya fito, a BMW 7 aka fara sa shi a 1991, ya zo da fari kuma ya zo da haske mai yawa a lokaci ɗaya, tun daga nan mutane suka haɗa biyun a kansu, duk abin da ya yi fari sai a ce ya fi haske.

Amma babbar matsalar ba ma launin ba ce, kwanon fitilar ne. Wannan kwanon mai ƙyalli da ke bayan ƙwan an zana shi ne a kan 'yar siririyar wayar da take yin ja a cikin halojin, tsayinta da kaurinta da daidai gurbin da take zaune, kuma wayar tana fitar da haske ta kowane ɓangare. A H4 har da wani ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe a ƙarƙashin wayar dim, shi ne yake yanke hasken kada ya tashi sama. In ka cire ka sa LED mai faifai biyu ɗaya nan ɗaya can da ƙarfe a tsakani, ko da 'yar milimita ya kauce daga gurbin, kwanon zai watsa hasken inda ya ga dama. Kamar ka ara tabarau ɗin wani ne ka sa, gilashin lafiyarsa lau amma ba don idonka aka yanka shi ba. Abin da zai faru, nan gaban bamba zai yi haske tar har ka ji daɗi, bishiyoyi da saman gine-gine duk su haskaka, amma can nesa inda kake buƙatar ka hango mutum ko rami babu abin da ya ƙaru, wani sa'in ma raguwa yake, kuma da yake gabanka ya yi haske sosai ƙwayar idonka tana tsukewa, nesan ya ƙara yi maka duhu kai kuma kana jin kamar ka fi gani. Wannan ne yake ba ni tsoro a lamarin, mutum ya ƙara gudu saboda yana jin fitilarsa ta yi kyau.

Sannan akwai halojin da ake shafa wa shuɗin fenti a gilashi a rubuta masa farin zenon. Wannan kam kar ka kusance shi. Fentin tace jan hasken yake ya zubar, abin da ya rage shi ne yake fitowa fari, wato an rage maka haske ne, kuma don a cike giɓin ana matsa wa wayar ta yi zafi fiye da ƙima sai ƙwan ya riƙa mutuwa da wuri.

Maman Yara:

Allah ya saka da alheri Baba. Ni abin nan ya dame ni ƙwarai har na kusa daina tuƙin dare. In mota mai farar fitilar nan ta taho musamman manyan jif da fitilarsu take daidai fuskata, gilashin gabana gaba ɗaya fari yake komawa, kuma bayan ta wuce sai in ɗauki ɗan lokaci ina ganin dishi-dishi da wani ɗigon haske yana yawo a idona, mota kuwa tana tafiya a duk wannan lokacin. Wanda yake tafiya a ƙasa a gefen titi da baƙaƙen kaya fa? Wallahi shi nake tunani kullum. Yara matasa ba za su gane ba don idonsu yana saurin dawowa, amma in shekaru suka fara ja idon mutum ya fi watsa haske a cikinsa kuma ya fi daɗewa kafin ya dawo daidai, wanda yanar ido ta fara kama shi kuwa abin ya fi muni. Ta madubin gefe ma haka, na tsakiya dai akwai ɗan maɓallin da ake turawa ya rage, na gefe sai dai ka kare da hannu. Dan Allah ƙanina Matashi ka daina nuna wa mutane ful ɗin nan, wanda ya ƙifta maka ai ya riga ya makance, ka kuma ƙara masa.

Direban Dare:

Ni aikina tafiyar dare ne kuma na tuƙa duka biyun. Ba zan zagi LED ba, in na kamfani ne da aka ƙera fitilar tun farko dominsa, gaskiya ya fi halojin nesa ba kusa ba, hasken yana da faɗi kuma yana yankewa cak a layi ɗaya. Amma ranar da ake ruwa ne za ka san farin yana da nasa. Jiƙaƙƙiyar kwalta tulla hasken take gaba zuwa idon mai tahowa, kaɗan ne yake dawo maka, sai ka ga kamar titin ya shanye fitilar, ga ɗigon ruwa yana ta ƙyalli fari a gabanka. A hazo ko ƙura ma haka, farin bango kawai. Jan hasken ba wai ratsa hazo yake ba kamar yadda ake faɗa, amma ya fi sauƙi a ido, kan mutum ba ya saurin ciwo. Faransa ai tun 1937 doka ta tilasta fitila ruwan ɗorawa a motocinsu, sai 1993 suka bari. Kuma a inda ake dusar ƙanƙara LED ba ya ɗumama gilashin fitilar sai ta taru ta rufe shi, don shi zafinsa ta baya yake fita, shi ya sa kake ganin 'yar fanka a gindinsa, in fankar ta mutu ƙwan ma ba zai daɗe ba.

Matashin Direba:

Mama ki yi haƙuri na ji, na daina insha Allah. Amma Baba ai har sababbin motoci masu LED na kamfani suna kashe ido, ba mu masu canji kaɗai ba ne.

Baban Rewaya:

Gaskiyarka, suna yi. Haske mai ɗan shuɗi-shuɗi ya fi damun ido ko da ƙarfinsa ɗaya da ja, ga shi yana fitowa daga ɗan ƙaramin wuri mai tsananin ƙyalli, ga motoci sun ƙara tsayi, in kuma motar ta hau tudu ko an loda mata kaya a baya layin nan yana ɗagowa ya sauka a fuskar mutane. Shi ya sa a ƙa'idar Turai fitilar da dim ɗinta ya wuce lumen 2000 dole ta zo da na'urar da take daidaita ta da kanta da kuma abin wanke gilashinta. Akwai kuma fitila mai kashe ɓangaren da yake kallon motar da ke tahowa ta bar sauran a kunne, Audi ta fito da ita a 2013, Amurka ba ta halatta irinta ba sai 2022. Ka ga kamfani da duk wannan dabarar bai gama magance abin ba, balle ƙwan da aka cusa a kwanon da ba nasa ba. A Ingila tun 2021 in aka sa LED a fitilar halojin motar faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Jamus ta yarda da wasu tun 2020, amma ƙwai ne ƙididdigaggu da aka gwada a kan mota kaza da kaza, ba kowace ba.

Mai Tsohuwar Mota:

Na gode ƙwarai Baba, na fasa 8000 ɗin. To yanzu me zan yi in ƙara gani? Don gaskiya hasken nawa ya yi rauni.

Baban Rewaya:

Fara duba murfin fitilar, in robar ta yi yalo ta dushe saboda rana to ita take cinye maka haske, a goge ta a shafa mata abin kariya ko a canza. Leƙa kwanon ciki ko ƙyallinsa ya ƙone. A auna wutar da take isa bakin ƙwan, tsofaffin wayoyi da soket mai tsatsa suna rage ta, halojin kuwa wuta ta ɗan ragu haskensa ya faɗi sosai, in haka ne a sa maka rile, wato ɗan makunnin da zai jawo wuta kai tsaye daga batir zuwa ƙwan. Sai ka sa sababbin halojin masu kyau marasa fenti, duka biyun tare, kuma kar a taɓa gilashin ƙwan da yatsa don maiƙon hannu yana kashe shi. Daga nan saiti. Ka tsaya a wuri mai daidai mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa ka yi alama a bangon, ka kunna dim, layin da hasken ya yanke ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10, yawanci za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikin fitilar. In bayan duk wannan har yanzu farin kake so, ka nemi cikakkiyar fitilar da aka ƙera don LED mai lambar amincewa a jikinta, ko ƙwan da aka amince da shi a kan irin motarka, kar ya wuce 6000K, kuma ranar da aka ɗaura a koma bangon nan a sake dubawa. In ka ga haske yana fallatsa sama da layin a cire shi.